Saƙon da Ke Jiran Ramin Teku

Shekaru da yawa, duk wanda zai yi wa baƙo kwatancen layinmu a Ƙofar Sauri da motar Babana yake yi. Sai ka ji an ce, "In ka ga wata tsohuwar gingimari mai bodin katako, to ka karya hagu." A ƙofar gidanmu take tsaye. Koriya ce da can, rana ta cinye fentin har ba ka iya cewa ga launinta. Awakin unguwa a ƙarƙashinta suke shan inuwa, mata kuma in sun faki idon Baba sukan aiko a shanya masu kuɓewa a kan bonet. Ranar da ya kama su kuwa, har bakin titi sai an ji muryarsa.

Baba direban dogon zango ne. Da motar nan ya ciyar da mu, ya tufatar da mu, ya sa mu makaranta. Daga Katsina yakan ɗauki gero da masara da atamfofi, ya bi ta Maraɗi ko Damagaram har Agadas, ya juyo da kanwa da gishiri da dabino. Amma abin da ya fi zama a raina ba lodin ba ne, safiyar tafiya ce. Ana fitowa sallar asuba zaurenmu ke cika. Wannan ta aiko da ƙullin daddawa a kai wa 'yarta da ke aure a Damagaram, wancan ya kawo takalmi a kai wa ƙanensa, wata tsohuwa ba ta da komai sai gaisuwa, ita ma saƙo ce. Baba na zaune kan buzu da kofin shayi a gabansa, yana karɓa yana tambaya: wa za a ba, wace unguwa, ɗan gidan wa ne? In ya ce, "Na karɓa," to magana ta ƙare. Ba lada ake ba shi ba. Kuma ba ya ba wani ya ƙarasa mashi, hannu da hannu yake kaiwa.

Akwai tafiyar da ya ƙara kwanaki a hanya, masu kaya na ta zarya a ƙofar gidanmu suna kumfar baki. Ashe wanda aka ba shi tabarma ya kai wa ne ya tashi daga Agadas ya koma wani ƙauye, sai da Baba ya bi shi can. Da ya dawo Inna, mahaifiyarmu, ta riƙe baki ta ce, "Kan tabarma, Alhaji? Tabarmar kaba?" Ya ce in ya dawo da ita da wane ido zai dubi mai ita. Duk tsawon tuƙinsa bai taɓa ƙin karɓar saƙo ba, bai kuma taɓa dawowa da shi ba. Da wannan aka san shi a unguwa, ya fi alfahari da shi kan komai da ya mallaka.

Bayan gidanmu akwai wata mata mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Ba mu haɗa dangi ba, amma Gwaggo muka tashi muna ce mata. Mijinta ya rasu da wuri ya bar ta da ɗa tilo, sa'ana ne, kuma shi ne abokina na farko a duniya. Tare muka yi makarantar allo, tare muka sha bulala kan wanka a kududdufin bayan ganuwa. In Gwaggo na suya mukan tsugunna bakin murhu muna jiran waɗanda suka karye, tana korar mu da baki, hannunta kuma na miƙo mamu wasu. Ni na bi boko har na samu aikin gwamnati. Shi ya koyi ɗinki ya kafa keke a Babbar Kasuwa. Hannunsa na da kyau wallahi, amma kasuwa ta ƙi, gwanjo ya cika gari, ba mai kawo yadi sai da salla. Rannan ya ce shi Turai zai tafi, ta hamada.

A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyensa na ƙarshe Baba ya ɗauke shi a gidan gaba har Agadas. Baba ya ce ya yi mashi faɗa a hanya har yawunsa ya ƙafe, amma yaron ya ce shi dai gaba. Daga nan waya ta riƙa zuwa jefi-jefi, daga Aljeriya, sannan daga Maroko. Ta ƙarshe ni ya kira, na garzaya na kai wa Gwaggo wayar har gindin murhu. Ya ce yana bakin teku, in gari ya yi haske ana hango duwatsun Sifaniya a tsallake, cikin 'yan kwanaki za su shiga kwalekwale. Shi ke nan. Ba mu sake jin muryarsa ba, ba mu kuma ji labarin rasuwarsa ba. Gwaggo ba ta yi zaman makoki ba, babu kuma wanda ya isa ya ce mata ta yi.

Ba a daɗe ba Baba ya ajiye tuƙi. Gwiwa ta fara ciwo, manyan tireloli sun ƙwace lodi. Ya faka motar a ƙofar gida ya koma zaman majalisa, shi da tsofaffin abokansa, a kan benci jikin motar, da rediyo a tsakiya.

Wata la'asar na biyo ta gida daga ofis in gaishe su, na tarar majalisa ta kaure. Rediyo ce ta ce Maroko da Sifaniya sun sake zama kan shirin haƙa hanya ta ƙarƙashin teku, wadda za ta haɗa Afirka da Turai. Ko gaisuwata Baba bai bari na gama ba.

Ya ce, "Malam na ofis, ka ji? Za a huda teku ta ƙasa!"

Na ce, "Na ji, Baba. Ai wannan maganar ta girme ni a aiki. Takarda ce kawai."

"Takarda kamar yaya? Manya biyu sun zauna, sun yi musabaha gaban shaidu, an faɗa a rediyo duniya ta ji. Me ya rage?"

A tashar da Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa, in mai kaya da mai mota suka tafa gaban shaidu, da safe lebura ke fara lodi. Bai san wata irin yarjejeniya ba bayan wannan. Ni kuwa a ofishin tsare-tsare nake aiki a GRA, na san abin da ake nufi in an ce an zauna. Akwai hanyar da na tarar an zana tun ina sabon ɗauka, aka kafa mata kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti, aka yi taro aka sha lemo, har yau jakuna ke bin ta. Na buɗe baki in yi masu wannan bayanin, ba wanda ya ko dube ni. Sun riga sun yi nisa, har sun fara rabon arzikin rami.

Akwai wani Alhaji mai hatsi a Babbar Kasuwa, shi ya fi kowa zaƙewa. Ya ce yanzu zoɓo da riɗi da aya da fata duk kudu suke gangarawa, su je bakin ruwa su yi ta jiran jirgi, kowane dillali ya gutsura kafin su bar ƙasa. In an yi ramin kuwa arewa kaya za su fuskanta, kamar zamanin kakanni da ayarin raƙuma ke sauke kaya a Katsina. Baba ya karɓe, yana ƙirgawa da yatsu. Masu faci za su samu, masu shayi za su samu, masu tuwo-tuwo, masu gidan saukar baƙi, daga nan har Jibiya har Maraɗi babu wanda zai kwana da yunwa. Ya ce mutumin Kano ma sai ya biyo ta ƙofar gidanmu ya ce salamu alaikum kafin ya ga Turai. Nan majalisa ta ɗauki shewa, don duk abin da zai sa Bakano ya rusuna mamu ba ma jin tsadarsa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, makaniken Baba. Mutumin Filato ne, Kirista, tun yana saurayi ya zo Katsina, shi ke duba motar nan tun tana sabuwa. Kawu muke ce mashi, Baba kuma ya ce mashi Injiniya. Yana goge hannu da tsumma ya ce, "Oga Alhaji, ramin nan fa ba fita kawai za a yi da shi ba, ana shigowa ma. Kai ka kai masu zoɓo, su su turo maka tumatirin gwangwani da tsofaffin firji da gwanjo tirela-tirela. Telan da ya rage a kasuwa ma sai ya naɗe kekensa."

Da ya ambaci tela kowa ya san wanda ya faɗo masu a rai, ɗan Gwaggo. Baba ya miƙa hannu ya rage muryar rediyo.

Magana ba ta kwana a unguwarmu. Kafin washegari ta shiga cikin gidaje, ta kuma ƙara kiɓa a hanya, wai Alhaji direba zai tayar da motarsa ya tafi Turai ta ƙarƙashin ruwa. Ranar Asabar ce, na zo da hantsi ina zaure tare da Baba, sai ga sallamar Gwaggo. Ta shigo da lulluɓinta, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ƙafa, ya muka ji da zafi. Sannan ta zaro wani ƙunshi daga cikin mayafi, an naɗe shi da tsohon zanen atamfa an ɗaure tam.

Ta ce, "Alhaji, an ce za ka tahi Turai da mota."

Na ɗauka zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ce, "In an gama ramin, Gwaggon yara, da yardar Allah."

"To ga saƙo a kai wa yaron nan. Kuka ce da daddawa da ɗan yaji, sai hula da na sa aka ɗinka mashi. An ce can ba su da kayan miya."

Ina kallon Baba ina roƙon Allah ya sa ya yi mata bayani. Bai tambaye ta wace unguwa ba, bai tambaye ta komai ba. Ya miƙa hannu ya ce, "Na karɓa."

Tana fita na tashi tsaye. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban iya ɓoye ɓacin rai ba, gadonsa na yi.

Na ce, "Haba Baba! Wannan ai ba daidai ba ne. Ko cebur ɗaya ba a ɗiba ba a ramin nan. In ma an yi shi, jirgin ƙasa ne zai bi, ba mota ba."

"Sai a ɗora motar bisa jirgin."

"Fasfo fa? Biza fa? Hamadar da yanzu ba kowa ke ratsa ta lafiya ba? Da wannan motar da ko Jibiya ba za ta kai ba sai an tura? Kuma in ka je wa za ka ba? A wace unguwa?"

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ni na sauke shi a Agadas. Da hannuna na miƙo mashi jakarsa daga bisa bodi. Yau uwarsa ta zo ta miƙo mani abu, me kake so in ce mata?"

"A faɗa mata gaskiya."

"Wace gaskiyar? Ka ga gawa?"

Na ce ban gani ba, amma shi ma bai ga rami ba. Ya ce in fita mashi daga zaure, kuma in ya ji na je wurin matar nan da surutun ofis, ni da shi ne. Na fita ina huci. Har gobe ina ganin a maganar rami ni ke da gaskiya, kuma ga shi lokaci bai ƙaryata ni ba. Sai dai gaskiyata ba ta sauke mashi komai ba. Ya karɓi saƙon da ba shi da hanyar kaiwa, ba shi kuma da fuskar mayarwa, mutumin da duk rayuwarsa bai taɓa yin ko ɗaya ba.

Ya buɗe motar ya ajiye ƙunshin a bayan kujerar direba, inda yake ajiye saƙonni tun da can. Daga ranar kuma motar ta daina zama inuwar awaki kawai. Ya aika aka kira Kawu. Suka wanke lagireto, suka canza baƙin mai, aka samo batir na hannu. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai Baba ya cire babbar riga ya hau, Kawu na ƙasa ya buɗe bonet yana cewa, "Ba ta wuta, Oga! Sake! Sake!" Ta yi tari, ta yi tari, can sai ta kama da wata irin ƙara da ke girgiza kwanukan cikin gida. Hayaƙi ya turnuƙe layi, kaji su watse, Inna ta leƙo tana toshe hanci tana cewa, "An fara tahiya Turai ke nan." Baba na bisa kujera riƙe da sitiyari, fuskar nan tasa kamar ta ango. Ba ya matsawa ko taku ɗaya. In inji ya yi zafi sai ya kashe, ya sauko, a kawo shayi.

Kawu bai taɓa yarda za a yi ramin ba, kullum sai ya faɗa, kullum kuma sai ya zo. Ranar da na tsare shi na ce, "Kawu, kai ma da hankalinka kana biye mashi?" Ya ce shi ba ruwansa da teku, aikinsa mota ta tashi.

Ina kewar waɗannan Juma'o'in, wallahi ina kewar su. A lokacin haushi suke ba ni, ina ganin ɓarnar mai ce da ɓata lokaci. 'Ya'yana kuwa ba su da ranar da ta fi ta. Tun safe suke damun uwarsu a kai su gidan Kaka, su dare bodi suna ihu, wannan ya ce shi a Maroko zai sauka, waccan ta ce ita sai an shiga cikin ruwa za ta ga kifi ta taga. Baba ya danna masu oda, unguwa ta amsa. A bayan katanga kuma Gwaggo na jin komai.

Duk kaka in sabuwar kuka ta fito sai Gwaggo ta zo. A gaisa, Baba ya hau ya ɗauko ƙunshin, ta kwance shi a zaure ta juye tsohuwar kuka da daddawa ta zuba sababbi, ta kakkaɓe hular ta mayar, ta ɗaure. Tsofaffin takan ba Inna a yi miya. Na sha cin tuwo da miyar kukar nan, ba ta taɓa wuce mani maƙogwaro da daɗi ba. Ba ta tambayar Baba yaushe ne tafiyar. Abin da take cewa kawai, "Allah ya kai mu," shi kuma ya ce amin.

Ni ma ban zauna haka nan ba. Duk wanda na ji zai je wajen, ko ɗan kasuwa ko wanda aka tura kwas, sai na ba shi hoton abokina da kwatancensa. Wasu suka yi cigiya a masallatan baƙi, wasu suka manta. Babu wanda ya dawo da labari, mai daɗi ko marar daɗi.

Maganar rami kuwa takan mutu ta farfaɗo. Sai a yi shekara ba a ji ta ba, sai rana ɗaya rediyo ta ce an sake zama, ko za a sake auna zurfin ruwan da irin dutsen da ke ƙasa. Ranar majalisa sai ta koma sabuwa. Alhaji mai hatsi ya sake zana inda za a gina rumbunan ajiya a hanyar Jibiya, Baba ya sake raba wa masu faci wuraren zama, Kawu ya sake zuba masu ruwan sanyi. Baba ya hango ni tafe ya ce, "Malam na ofis, yau kuma me za ka ce?" In ce, "Abin da na ce bara."

Amma akwai ranar da aiki ya yi sauƙi a ofis, na tsaya gaban babbar taswirar da ke jikin bango, na ɗora yatsa a Katsina na bi arewa. Maraɗi, Agadas, hamada, har inda ƙasa ta ƙare, ga ɗan siririn ruwa, ga Turai. A taswira ruwan bai kai faɗin farcena ba. Na ga in da za a haƙa ramin, in da za a gyara hanyar hamada, in da iyakoki za su zauna a buɗe, in da za a samu zaman lafiya, to lissafin Alhaji mai hatsi ba hauka ba ne. Katsina na iya komawa zango, ɗinki da jima da noma su yi daraja, saurayi ya zauna a gida ya ci abinci. In da ɗin ne suka yi yawa. Na daɗe ina kallon ɗan siririn ruwan nan, don a nan ne muryar abokina ta tsaya. Ban faɗa wa Baba na duba ba, da na shiga uku da gori.

Sannu a hankali idonsa ya fara yana. Aka yi aiki, ɗaya ya ɗan buɗe, ɗaya ya ƙi. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka fara shawagi suna ƙwanƙwasa bodi, suna cewa a sallama masu. Mu 'ya'yansa mun so a sayar, ba zan ɓoye ba, motar ta tare hanya, maƙwabta na ƙorafi a bayan ido. Yayarmu ta lallaɓa ta yi mashi maganar. Ya ce motar da ke da saƙon mutane a ciki ba ta sayarwa ba ce. Ta ce to a fito da saƙon a ajiye a ɗaki mana. Ya ce saƙon da aka shigar ɗaki an fasa tafiya ke nan. Da 'yan gwangwan suka sake dawowa da sanda ya bi su, yana dukan iska, su suna dariya suna ja da baya. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi har na juya baya.

Ko da ya daina gani sosai bai bar hawa motar ba. Ni da Kawu muke tallabe shi mu ɗora. Hannunsa ya san inda makulli yake, ya san giya. In inji ya kama sai ya lalubi bayan kujera ya taɓa ƙunshin, sannan ya dawo da hannu kan sitiyari.

A ciwonsa na ƙarshe, wata rana da yamma ina zaune gefen gadonsa ina yi mashi fifita, ya ce, "Sun fara haƙa?"

Na ce, "Suna kan nazari, Baba."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ashe mutanenku ne a can ma." Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya yi. Can ya ce, "Gilashin gefen direba ba ya rufuwa duka. In damina ta faɗi kayan matar nan za su jiƙe." Na ce za a gyara. Bai ce mani in mayar mata ba, bai kuma ce in riƙe ba. Bai ga daminar ba, Allah ya jiƙansa.

Bayan an share makoki aka zo maganar gado. Limamin unguwa ya ce kafin a taɓa komai sai an fitar da duk amanar mutane da ke hannun mamaci an mayar wa masu ita. Ba a samu komai na kowa a wurin Baba ba sai abu ɗaya. Motar kuma magada suka haɗu kan a sayar. Ranar da 'yan gwangwan suka zo da abin yankan ƙarfe, Kawu ne ya hau ya ɗauko ƙunshin ya miƙo mani. Ya shafa ƙofar motar, ya ɗauki akwatin sifanunsa ya tafi, ya ce shi ba zai tsaya ya ga wannan ba. Kafin la'asar ƙofar gidanmu ta zama fili, sai tabon baƙin mai a ƙasa.

Ni aka ɗora wa kai ƙunshin, wai ni ne abokin ɗanta. Na zagaya bayan gida na yi sallama. Gwaggo ta tsufa, ta daina suya, tana zaune kan tabarma a ƙarƙashin rumfa tana jan carbi. Muka gaisa, ta sake yi mani gaisuwar rashi, ta yi wa Baba addu'a mai tsawo. Ta ce tun safe take jin ƙarar yankan ƙarfe. Na ce e, an sayar. Sannan na ajiye ƙunshin a gabanta a bakin tabarma.

Ba ta taɓa shi ba. Ta janye ƙafarta ma.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

"Saƙonki ne, Gwaggo. Liman ya ce a mayar wa kowa amanarsa."

"Kun je ne?"

Na sunkuyar da kai ina kallon bakin tabarma.

"Tambayarka nake, ɗan nan. An je an yi cigiya an ce ba ya nan?"

Na ce, "Ba a je ba, Gwaggo." Sai na ji abin da na daɗe ina riƙewa ya taso mani, Baba kuma ba ya nan balle ya hana ni. Na ce, "Gwaggo, ramin nan ba a fara shi ba. Ƙila ni da ke duk ba za mu gan shi ba. Baba ma da yana raye ba zai iya zuwa ba."

Ta dube ni da idanunta da suka yi fari-fari. Ta ce, "Kai kana tsammanin ban sani ba? Ni dai ban san teku ba, amma na san tsufa, na ga Alhaji ana ɗora shi bisa mota kamar jinjiri." Ta nuna ƙunshin da carbinta. "Muddin abin nan na hannun mutane, ɗana mutum ne da ake kai wa saƙo. Ranar da ya kwana a ɗakin nan, ranar ya mutu. To ba daga hannunka zan karɓi mutuwarsa ba, kai da kuka ci a kwano ɗaya. Ɗauke mani shi daga nan."

Na ɗauka. Ba ni da mota, ko tuƙi ban iya ba, kuma na fi kowa a unguwar nan sanin yadda shiri ke tsufa a cikin fayil. A zaurenta na tsaya, na jingina da bango na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Da na ji motsin mutane a waje na goge fuska da hannun riga na fito. Ban koma wurin liman ba, na wuce gidana da shi.

Gwaggo tana nan da ranta har yau. Ƙunshin yana wurina.